Karakara a cikin rumbunan bayanai: sharhi a kan yadda ɗalibanmu ke neman ayyukan da suka gabata

1. Gabatarwa

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a cikin kundayen da ɗalibai ke gabatarwa a ƙarshen karatun lisans da na master, musamman a babin bitar ayyukan magabata. Takan zo da sigogi daban-daban, amma ma'anarta ɗaya ce: wai har yanzu babu wanda ya yi bincike a kan wannan gari, ko a kan wannan karin harshe. In kwamitin duba kundi ya nemi hujja, sai ɗalibi ya ce ya duba JSTOR da Cairn da Google Scholar bai ga kome ba. Sau da yawa kwamiti yakan karɓi wannan amsa ya wuce.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa bai kamata a karɓi amsar ba. Shirun rumbun bayanai yana nuna abu guda ne kawai: kalmar da aka buga ba ta dace da kalmar da aka ajiye ba. Wanda ya ɗauki wannan shiru a matsayin shaidar cewa ba a rubuta kome ba, ya gina kundinsa a kan rami, kuma ɗalibin da zai zo bayansa zai ambaci kundin nan a matsayin hujja, har kuskure ya zama abin gado. Za mu ɗauki misalin Karakara, ƙaramar hukumar da ke kudancin jihar Doso, a yankin Gaya, kusa da iyakar Nijeriya. Mun zaɓe ta ne domin kusan dukkan tarkon da ke jiran ɗalibi mai neman bayani a kan ƙasar Hausa ta Nijar ya taru a kanta.

2. Abin da rumbunan suka kawo

Kafin suka, adalci ne a faɗi alheri. Waɗanda suka rubuta kundi a Yamai a shekarun 1980 da 1990 sun san wahalar samun maƙala ɗaya da aka buga a Paris ko London: sai an jira mai tafiya, a roƙe shi ya yo hoton shafuka, wani lokaci su iso bayan an kare kundin. Wannan zamani ya wuce. An kafa JSTOR a 1995, kuma a 2006 ya yafe wa jami'o'in Afirka kuɗin shiga taskarsa ta mujallu. Gallica, na babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, ya buɗe a 1997, AJOL, mai tattara mujallun Afirka, a 1998, HAL a 2001, Persée da Cairn a 2005, theses.fr a 2011. A Persée ɗalibi zai karanta tsofaffin fitowar Journal de la Société des africanistes da na Cahiers d'études africaines kyauta. Rumbun Horizon na IRD yana ɗauke da rahotannin tsohuwar ORSTOM. Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, tana sa jerin Études et Travaux a intanet. Ga mai nazarin harshe kuma, jerin ayyukan da aka yi a kan Hausa da harsunan Cadi wanda Paul Newman ya fara fitarwa a littafi a 1996, ya ci gaba da faɗaɗa shi, yana samuwa kyauta a rumbun jami'ar Indiana.

Sai dai kowane rumbu yana da iyakarsa, kuma ɗalibai kaɗan ne suka san ta. Persée ya fi ƙarfi a tsofaffin fitowa, Cairn kuma a na bayan shekarar 2000. JSTOR yakan bar tazarar ƴan shekaru tsakanin fitowar mujalla da shigarta taska. Theses.fr yana lissafa kundayen dakta da aka kare a Faransa daga 1985 ne. Kundayen da malamanmu na farko suka kare a shekarun 1970 sai a neme su a kundin SUDOC. Haka kuma, ya kamata a fahimci yadda na'ura ke nema. Abu biyu take dubawa: katin aikin, wato sunan marubuci da take da taƙaitawa da kalmomin da aka liƙa masa, da kuma cikakken matani in an sa na'ura ta karanta shafukan da aka ɗauki hotonsu. A duka biyun, jerin haruffa take kwatantawa da jerin haruffa. Ba ta san ƙasa ba, ba ta san dangantakar suna da suna ba. Daga nan matsalar ta taso.

3. Matsalar suna

Mu ɗauka ɗalibi yana son ya rubuta a kan Hausar da ake yi a Karakara. Zai fara da buga sunan garin. Amma ana rubuta shi Karakara, ana rubuta shi Kara-Kara, ana rubuta shi Kara Kara, kuma ba kowane rumbu ke haɗa sigogin nan uku ba. In ya ƙara kalmar Niger domin ya taƙaita nema, akwai babbar alama ya faɗa wata Kara-Kara daban, wato unguwar nan ta Damagaram wadda fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya sanar wa duniya. A matanin Hausa kuma, kuskuren harafi ɗaya ya isa ya haɗa sunan da kalmar karkara.

Sai ya koma ga Gaya. Nan ma akwai Gaya ta jihar Kano, da Gaya ta ƙasar Indiya, da tsohuwar daular Gaya ta Koriya, ban da aikatau gaya da ke cikin kowane shafi na rubutun Hausa. Ko da ya tace waɗannan, tarihin mulki zai ruɗe shi. A zamanin Faransawa, takardun yankin suna ƙarƙashin subdivision de Gaya da cercle de Dosso. Bayan ƴancin kai an koma arrondissement de Gaya. Tun 2011 kuma Karakara tana cikin gundumar Junju, wadda ake rubutawa Dioundiou da faransanci. Ke nan rahoton 1950 da na 1990 da na 2015 a kan wuri ɗaya suna iya zama a ƙarƙashin sunaye uku, kuma babu ɗaya daga cikinsu da dole ya ambaci Karakara a takensa.

Sunan mutanen ya fi na garin wuya. Waɗanda ke kiran kansu Arawa, Faransawa sun rubuta su Maouri, masu nazarin al'umma kuma suka rubuta Mawri. Littafin Marc-Henri Piault na 1970 sunansa Histoire mawri. Na Mahamane Karimou, lamba ta 39 a jerin Études nigériennes, 1977, sunansa Les Mawri zarmaphones. Adeline Masquelier, a littafinta na 2001 a kan bori a Dogon Dutsi, ita ma Mawri take rubutawa. Wanda ya buga Maouri kaɗai yana iya wuce duka ukun, in ma na'ura ba ta gyara masa kalmar zuwa Maori na ƙasar New Zealand ba. Wanda kuma ya buga Arewa zai nutse a cikin dubban rubuce-rubuce a kan Arewacin Nijeriya, domin can kalmar tana nufin dukkan yankin, alhali a Nijar tana nufin ƙasar Matankari da Dogon Dutsi. Kwarin da ya ratsa yankin, Dallol Maouri, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta rubuta shi Dallul Mauri. Maƙwabtan Arawa na kudu, Kyangawa, suna bayyana a rubuce da sunan Kyanga da Kyenga da Tyenga da Tienga da Tchanga. Shi kansa sunan harshen yana da sigogi: Hausa, haoussa, Haussa, hawsa.

Misali guda zai nuna girman asarar. Ɗaya daga cikin bayanan nahawu mafi kusa da Hausar wannan yanki shi ne maƙalar Claude Gouffé, Deux notes grammaticales sur le parler haoussa de Dogondoutchi, wadda ta fito a mujallar Afrika und Übersee ta Hamburg a 1968-1969. An rubuta ta da faransanci, an buga ta a Jamus, takenta bai ƙunshi Arewa ba, bai ƙunshi Mawri ba, bai ƙunshi Gaya ba. Ɗalibin da bai riga ya san cewa Karakara da Dogon Dutsi ƙasa ɗaya ce ta fuskar tarihi da harshe ba, babu wata kalmar nema da za ta kai shi gare ta. Sanin ƙasa ne ke haifar da kalmar nema, shi kuwa wannan sani daga malami da littafi da mutanen wurin ake samun sa.

4. Matsalar rubutu

Matsala ta biyu ta shafi mu masu nazarin harshe kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su da matsayi ɗaya da é ko è a wurin na'ura. A tsarin Unicode, é yana rabuwa gida biyu, e da alamar da ke kansa, don haka rumbu yana iya zubar da alamar ya nemi e. Harafin ƙ kuwa ba ya rabuwa. Harafi ne mai zaman kansa. Sai in masu rumbun sun tsara na'urarsu musamman ne za ta san cewa ƙ da k ƴan'uwa ne. Saboda haka mai neman mujallar IRSH, Mu Ƙara Sani, dole ya gwada da ƙ, ya gwada da k. Bugu da ƙari, dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, duk da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 da suka yi ƙoƙarin daidaita rubutun.

Tsofaffin ayyuka sun fi shan wahala. Kundayen da aka buga da tafireta, aka ƙara lanƙwasar haruffa da hannu, in aka ba na'ura ta karanta su sai ta mai da ƙ wani harafi, ko ta bar gurbi. Masana kuma ba su rubuta misalansu iri ɗaya ba: wani yana nuna tsawon wasali da ninki, ya rubuta gidaa, wani da layi a sama, ya rubuta gidā, da alamun karin sauti ko ba tare da su ba. Sa'annan ga bambancin karin harshe. Hausar wannan yanki tana cikin rukunin yamma, inda ake jin tahiya maimakon tafiya, hwari maimakon fari, shina zuwa maimakon yana zuwa, na da ta maimakon ne da ce. Ɗalibin da ya nemi kalma da rubutun daidaitacciyar Hausa a cikin matanin da aka rubuta da karin yamma ba zai same ta ba, alhali tana shafin. Abin takaici ne a ce ɗalibin ilimin harsuna, wanda aka koya wa bambancin furuci da rubutu tun shekarar farko, ya manta darasin da zarar ya zauna gaban kwamfuta.

5. Abin da bai shiga rumbu ba

Ko da ɗalibi ya kauce wa duk tarkon da muka ambata, akwai sauran magana: babban kaso na abin da aka sani a kan yankin bai shiga manyan rumbunan duniya ba. IRSH, wadda ta samo asali daga reshen IFAN da aka buɗe a Yamai a 1944, ta fitar da jerin Études nigériennes, kuma tana da sashen rubuce-rubucen larabci da ajami mai ɗauke da dubban takardu. CELHTO, wadda aka kafa a 1968, tana da faya-fayan tarihin baka. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana da bayanan gundumomi da rahotannin rangadin jami'an mulkin mallaka. Maƙalar Périé da Sellier a kan tarihin mutanen cercle de Dosso ta fito a Bulletin de l'IFAN a 1950. Kundayen metiriz da ɗalibai suka rubuta shekara da shekaru a sassan harsuna da tarihi da labarin ƙasa, da yawa daga cikinsu kofi biyu ko uku ne a kan kanta, kuma sau da yawa ɗan garin ne ya rubuta, da bayanan da ya ɗauko daga bakin dattawan da yau babu su.

Akwai kuma rabin labarin da ke ƙetaren iyaka. Iyakar da tawagar Tilho da takwararta ta Ingila suka shata daga 1906 ta raba mutane masu harshe ɗaya. A jihar Kebbi akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa, da ta Dandi mai hedikwata a Kamba. Abin da aka rubuta a kansu yana cikin kundayen Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da takardun lardin Sakkwato da ke ma'ajiyar Kaduna, da ingilishi ko da Hausa. Ɗalibinmu, wanda ya yi karatu da faransanci, yakan nema da faransanci a rumbunan faransanci, sai ya tsaya daidai inda Turawa suka kafa turakun iyaka.

Illar wannan ta wuce babin bita. Rumbu yana da abin da ya fi yawa a cikinsa. A kan Gaya, alal misali, mai nema zai sami ayyuka masu kyau a kan ciniki tsakanin Gaya da Malanville da Kamba, irin littafin Olivier Walther na 2008, Affaires de patrons, da rahotanni a kan ruwa da noma da duwan, domin waɗannan ne fannonin da ake ba kuɗin bincike. Harshe da adabin baka ba su da irin wannan rabo. Ɗalibin da ke da wata shida ya gama kundi yakan duba inda takardu suka fi sauƙin saukewa, ya karkatar da batunsa can. A hankali sai rumbu ya zaɓa wa sashe batutuwansa, wuraren da ba a rubuta a kansu ba su ci gaba da zama haka. Tun ƙarshen 2022 kuma wata sabuwar matsala ta ƙaru: manhajojin hira masu rubuta amsa suna iya ƙago sunan marubuci da taken littafin da babu shi, su miƙa wa ɗalibi cikin tsari mai kyau.

6. Uzurin da ake bayarwa da abin da muke ba da shawara

Za a ce muna ɗora wa ɗalibi nauyin da ya fi ƙarfinsa. Daga Yamai zuwa Gaya kusan kilomita 300 ne, kuɗin mota da na masauki ba kowa ke da su ba, halin tsaro kuma ya sa tafiya wasu yankuna ta yi wuya a ƴan shekarun nan. Wannan gaskiya ne. Amma mafi yawan abin da muka lissafa a sashe na 5 yana cikin Yamai, kuma gwada suna da sigogi biyar maimakon ɗaya ba ya cin ko dala. Za a kuma ce na'urori suna ƙara wayo, nan gaba za su haɗa Maouri da Mawri da kansu. Mai yiwuwa ne. Sai dai babu na'urar da za ta nemo kundin da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Nauyin gyara yana kanmu malamai kafin ɗalibai, kuma ga abin da muke gani ya kamata a yi.

Na farko, a wajabta wa kowane kundi shafi ɗaya, a babin hanyar bincike, inda ɗalibi zai jera rumbunan da ya duba, da ranar da ya duba, da kalmomin da ya buga a kowanne, da ɗakunan karatun da ya shiga da ƙafarsa. Da wannan shafi, kwamiti zai iya ganin ko an nemi Mawri ko ba a nema ba. Jimlar nan ta “babu wanda ya yi bincike” kuma a maye gurbinta da wadda za a iya tabbatarwa: a wurare kaza, da kalmomi kaza, ba mu sami aiki a kan abu kaza ba.

Na biyu, darasin hanyar bincike ya fara da jadawalin sunaye. Kafin ɗalibi ya taɓa kwamfuta, ya rubuta duk sigogin sunan wurin da na mutanen da na harshen, da Hausa da Zabarmanci da faransanci da ingilishi, da sunayen mulki na kowane zamani. Wannan aikin ilimin harsuna ne tsantsa, kuma sashenmu ya fi kowa cancantar koyar da shi ga sauran sassa.

Na uku, a maido da al'adar bin sawu daga littafi zuwa littafi. Jerin madogaran da ke ƙarshen littafin Piault ko na Karimou, ko na Le haoussa de l'Ader na Bernard Caron, 1991, aiki ne da wani masani ya riga ya yi, kuma yana kai mutum inda kalmar nema ba ta kaiwa. Haka ma masu kula da ɗakunan karatu: da ɗan gari kan ci gari, kuma wanda ya shekara ashirin yana jera kundaye ya san abin da babu katin da ya faɗa.

Na huɗu, sashe ya yi wa kundayensa kati. Ko ba a sami kuɗin ɗaukar hoton dukkan shafuka ba, ana iya rubuta sunan marubuci da take da shekara da wurin bincike, a liƙa kalmomin nema da Hausa da faransanci, da lanƙwasa da kuma ba lanƙwasa, a sa jerin inda kowa zai gani. Ɗalibai goma na master za su iya gama wannan a zango ɗaya na karatu, a lissafa musu shi cikin maki. Dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Zai zama abin kunya a ce har yanzu ba a iya neman kundin da aka rubuta a kan Hausa da kalmar Hausa.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa shirun rumbun bayanai a kan wuri irin Karakara yana da dalilai uku da za a iya ganewa: sunaye masu sigogi da yawa, rubutun da na'ura ba ta iya daidaitawa, da ayyukan da ba su taɓa shiga rumbu ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin ba a yi bincike ba. Rumbunan sun sauƙaƙa mana samun abin da muka san sunansa, kuma wannan babban ci gaba ne da ya kamata ɗalibai su mora sosai. Sanin sunan kuwa, da sanin inda za a duba in na'ura ta yi shiru, aikin malamin da ke jagorantar kundi ne. Muna roƙon ƴan'uwa malamai da ke zama a kwamitocin bana su fara da tambaya ɗaya ga duk ɗalibin da ya ce bai sami kome ba: da wace kalma ka nema, kuma wane ɗakin karatu ka shiga?